Martin Luta (1483–1546): Tarihin Rayuwarsa da Rigimar Kalma Ɗaya a Fassara

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya zauna ajin fassara ya san gardamar nan ta tsakanin masu bin kalma da kalma da masu bin ma'ana. A aji, iyakar abin da takan jawo shi ne asarar maki. Amma a ƙasar Jamus, cikin ƙarni na 16, an yi wani mai fassara wanda ya ƙara kalma ɗaya tak cikin wata aya ta Sabon Alkawari, aka kuwa shafe ƙarnuka ana ka-ce-na-ce a kanta. Wannan mutum shi ne Martin Luta, wanda ta dalilinsa Kiristocin yammacin Turai suka rabu gida biyu, Katolika da Furotesta. Manufar wannan maƙala ita ce bin tarihin rayuwarsa, domin a ga yadda aƙidarsa da aikinsa na fassara suka sarƙe da juna har raba su ya gagara.

Kafin a shiga tarihin, ya kamata a san kalmomi uku waɗanda rigimar ta tsaya a kansu. Ta farko ita ce bangaskiya, watau dogaron mutum ga Allah da alkawarinsa. Ta biyu ita ce ayyuka, watau ibada da sadaka da sauran ayyukan kirki. Ta uku ita ce baratarwa, watau yadda Allah yake karɓar mai zunubi a matsayin adali. Tambayar ita ce: da me ake samun baratarwa? Da bangaskiya kaɗai, ko da bangaskiyar da ayyuka suka raka?

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Luta a garin Eisleben ranar 10 ga Nuwamba, 1483. Ba a daɗe ba iyayensa suka koma Mansfeld, inda mahaifinsa, Hans, ya shiga sana'ar haƙo tagulla da narkar da ita, har ya yi ɗan abin hannu. Burin uban shi ne ɗansa ya zama lauya. Saboda haka bayan yaron ya yi makaranta a Mansfeld da Magdeburg da Eisenach, sai aka tura shi Jami'ar Erfurt a 1501. Ya sami digiri na farko a 1502, na biyu kuma a 1505, sa'an nan ya fara karatun shari'a.

Karatun bai yi nisa ba. Ranar 2 ga Yuli, 1505, yana kan hanyar komawa Erfurt daga gida, hadari ya rutsa da shi kusa da ƙauyen Stotternheim, aradu ta faɗi dab da shi. Cikin firgita ya yi bakance cewa in ya tsira zai shiga zuhudu. Bayan mako biyu ya shiga gidan 'yan zuhudu na ɗariƙar Agustin a Erfurt, ba da son ran mahaifinsa ba. Aka naɗa shi firist a 1507.

A gidan zuhudun ya dage da azumi da tsayuwar dare da yawan furta zunubansa gaban shugabanninsa, amma hankalinsa bai kwanta ba. Abin da ke cin ransa shi ne, ta yaya mutum zai san ayyukansa sun isa? In an ce ka yi iyakar ƙoƙarinka Allah zai cika, wa ya san inda iyakar take? Shugabansa, Johann von Staupitz, ya ga cewa maganin wannan wasuwasi shi ne a ɗora masa aiki. Ya tura shi ga zurfafa karatu, har ya zama dakta a ilmin tauhidi a 1512, ya kuma gaji kujerar koyar da Littafi Mai Tsarki a sabuwar Jami'ar Wittenberg, wadda aka kafa a 1502. A kan wannan kujera ya zauna har ƙarshen rayuwarsa.

Matsalar Latin da Girkanci

Littafin da Ikilisiyar yamma ke amfani da shi a lokacin shi ne fassarar Latin wadda akasarinta aikin Jerom ne, tun ƙarshen ƙarni na 4. An yi fiye da shekara 1,000 ana gina aƙida a kan kalmominta. A 1516 wani masani ɗan ƙasar Holan, Erasmus, ya buga Sabon Alkawari cikin Girkanci, harshen da aka rubuta shi da shi tun asali, tare da tasa fassarar Latin a gefe. Daga nan masana suka fara ganin inda Latin ɗin da aka saba da shi ya karkata.

Misali na farko shi ne kiran tuba a Linjilar Matiyu, sura ta 4, aya ta 17. Kalmomin Latin na wurin ana iya fahimtarsu da ma'anar aikata kaffara, watau abin da firist kan ɗora wa mai zunubi bayan ya furta laifinsa. Kalmar Girkanci kuwa sauyin zuciya da tunani take nufi. Misali na biyu shi ne aikatau ɗin baratarwa kansa. Ginin kalmar Latin yana nuna mai da mutum adali a zahiri, alhali kuwa ta Girkanci tana da ƙamshin ɗakin shari'a, inda alƙali yake yanke hukunci cewa wane ba shi da laifi. Wanda ya bi ta farko zai ga baratarwa a matsayin gyaran hali mai tafiya sannu a hankali. Wanda ya bi ta biyu zai gan ta a matsayin hukuncin da Allah ya yanke.

Luta ya koyar da Zabura daga 1513 zuwa 1515, Wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa daga 1515 zuwa 1516, kana Galatiyawa da Ibraniyawa. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne maganar adalcin Allah a Romawa, sura ta 1, aya ta 17. Ɗalibin nahawun Hausa ba zai sha wuyar gane matsalar ba, domin mahaɗin nan -n ko -r namu yana da irin wannan harshen damo. In aka ce son Audu, ana iya nufin son da Audu yake yi, ana kuma iya nufin son da ake yi masa. Haka nan adalcin Allah: shin adalcin da Allah yake hukunta mai laifi da shi ne, ko kuwa adalcin da yake ba mai laifi kyauta? Da farko Luta ya ɗauki ma'ana ta farko, yana jin tsoron ayar. Daga baya ya koma ga ta biyu, ya kuma bayyana a tsufansa cewa a nan ne ya sami kwanciyar rai. Masana tarihi sun saɓa a kan shekarar da wannan ya faru, tsakanin 1514 da 1519.

Karo da Roma

A wannan zamani ana sayar da takardun sassauci, waɗanda Ikilisiya ke bayarwa domin rage horon da ya rage a kan mai zunubi bayan an gafarta masa. Rabin kuɗin da ake tarawa a wannan yanki na Jamus yana tafiya ginin majami'ar Bitrus a Roma, rabi kuma ga biyan bashin da Albrecht, babban bishop na Mainz, ya ci. Wani mai wa'azi, Johann Tetzel, ya shahara wajen tallar takardun. Ranar 31 ga Oktoba, 1517, Luta ya aika wa Albrecht batutuwa 95 na muhawara. Abin lura shi ne, batu na farko a kan ma'anar kalmar tuba ya tsaya: ya ce kiran ya shafi dukan rayuwar mai bi. Injin ɗab'i ya baza takardar ko'ina cikin 'yan makonni.

Daga nan al'amari ya yi ta girma. Ya gurfana gaban wakilin Paparoma, Kadinal Cajetan, a Augsburg a 1518. Ya yi muhawara da Johann Eck a Leipzig a 1519, inda aka kai shi ga faɗar cewa majalisun Ikilisiya ma suna iya kuskure. A 1520 ya wallafa manyan littattafai uku, cikinsu har da wanda ya yi a kan 'yancin Kirista, inda ya kwatanta mai bi da itace, ayyuka kuma da 'ya'yan itacen: kyan itacen ne ke kawo kyawawan 'ya'ya. Paparoma Leo na Goma ya aiko da takardar gargaɗi, Luta ya ƙone ta a bainar jama'a ranar 10 ga Disamba, 1520. Aka kore shi daga Ikilisiya ranar 3 ga Janairu, 1521. A watan Afrilu na shekarar ya tsaya gaban Sarkin Sarakuna Charles na Biyar a majalisar Worms, ya ƙi janye littattafansa sai in an kawo masa hujja daga nassi ko daga hankali. Aka yi shelar cewa doka ba ta kāre shi kuma.

Fassarar Wartburg

Sarkin ƙasarsa ta Saxony, Frederick, bai so a hallaka malamin jami'arsa ba. Ya sa aka tare shi a hanya kamar an sace shi, aka ɓoye shi a ganuwar Wartburg daga Mayu 1521 zuwa Maris 1522. Ya tara gemu, ya sake suna. A nan ne, cikin kimanin mako 11, ya juya Sabon Alkawari zuwa Jamusanci, yana dogara ga bugu na biyu na Girkancin Erasmus, na 1519. Da ya koma Wittenberg, abokinsa Philipp Melanchthon, gwanin Girkanci, ya taya shi tacewa. Littafin ya fito a Satumba 1522, kimanin kwafi 3,000, ya kuwa ƙare da sauri har aka sake bugawa a Disamba.

Ba shi ne ya fara fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Jamusanci ba. Tun daga 1466 an yi bugu 18 kafin nasa, amma duk daga Latin aka ɗauko su, suna bin sa sau da ƙafa har Jamusancin ya yi nauyi. Luta ya nemi harshen da mutane ke ji. Ya roƙi a nuna masa duwatsu masu daraja na taskar sarki domin ya san sunayen waɗanda aka ambata a littafin Wahayi. Tsohon Alkawari, wanda ya fassara daga Ibrananci tare da Melanchthon da Matthäus Aurogallus da wasu, ya ci shekara 12. Ya faɗi cewa a littafin Ayuba sukan yi kwana huɗu ba su gama layi uku ba. Cikakken littafin ya fito a 1534, ya kuma yi ta gyara shi har 1545.

Kalmar da Ta Ta da Ƙura

A Romawa, sura ta 3, aya ta 28, Bulus yana bayani cewa baratarwa ta hanyar bangaskiya take, ban da ayyukan Shari'a. A nan Luta ya saka kalmar Jamusanci *allein*, wadda ke nufin kaɗai. Babu takwararta a Girkancin ayar, babu kuma a Latin. Haka nan a sura ta 1, aya ta 17, ya warware harshen damon nan da kansa, ya fassara adalcin Allah da ma'anar adalcin da yake karɓaɓɓe a gaban Allah.

Abokan hamayya ba su yi sanya ba. Duke George, mai mulkin ɗaya ɓangaren Saxony, ya hana sayar da littafin a ƙasarsa. Sakatarensa, Hieronymus Emser, ya wallafa suka a 1523 inda ya yi da'awar ya gano kurakurai 1,400. Abin mamaki, da Emser ya fito da tasa fassarar a 1527, sai aka ga yawancinta Jamusancin Luta ne aka yi wa kwaskwarima.

Luta ya ba da amsa a 1530, cikin wata buɗaɗɗiyar wasiƙa a kan fassara, wadda ya rubuta a ganuwar Coburg. Bai yi musun cewa kalmar ba ta cikin asali ba. Hujjarsa ta farko ta harshe ce. Ya ce ɗabi'ar Jamusanci ce, in ana tabbatar da abu ɗaya ana kore wani, a saka wannan kalma domin magana ta fito sarai. Bahaushe ma yana da irin wannan a kalmar sai, kamar a ce baƙo bai sha komai ba sai ruwa. Ya ƙara da cewa mai fassara ya saurari uwa a cikin gida da yara a kan titi da talaka a kasuwa, maimakon ya tambayi haruffan Latin yadda ake Jamusanci. Hujjarsa ta biyu ta aƙida ce: in Bulus ya kore dukan ayyuka, to ba abin da ya saura sai bangaskiya, kuma magabata irin su Ambrose da Agustin sun riga shi faɗar haka. Wasiƙar cike take da zagi, har yana kiran masu sukarsa jakuna.

A nan ya kamata mai nazari ya tsaya. Hujja ta farko tana da ƙarfi, amma ba ta isa ita kaɗai ba, domin an fassara ayar zuwa Jamusanci mai kyau ba tare da kalmar ba. Hujja ta biyu kuwa ita ce ainihin abin da ake jayayya a kai. Masu sukarsa sun ce ayyukan Shari'a da Bulus ya kore ba su haɗa da ayyukan ƙauna ba, tun da shi Bulus ɗin a Galatiyawa, sura ta 5, ya yi maganar bangaskiyar da ke aiki ta hanyar ƙauna. Daɗin daɗawa, wuri ɗaya tak a Girkancin Sabon Alkawari inda kalmar kaɗai ta zo tare da bangaskiya a kan batun baratarwa shi ne Wasiƙar Yakubu, sura ta 2, aya ta 24, can kuwa kore maganar aka yi.

Luta bai taɓa kalmomin Yakubu ba, ya fassara su yadda suke. Abin da ya yi shi ne rage darajar wasiƙar. Ya mai da ita ƙarshen littafi tare da Ibraniyawa da Yahuza da Wahayi, ya bar huɗun ba lamba a jerin littattafai. A gabatarwar 1522 ya kwatanta ta da ƙaiƙayi in an auna ta da wasiƙun Bulus, ko da yake an cire wannan magana daga bugu na baya. Sauran masu fassara na Furotesta ba su bi shi a komai ba. William Tyndale, wanda fassararsa ta Ingilishi ta fito a 1526, ya yarda da aƙidar Luta, amma bai saka kalmar cikin ayar ba. Fassarar Sarki James ta 1611 ma ba ta saka ba.

Sauran Rayuwarsa

Shekarar 1525 ta zo masa da abubuwa uku. Ya mai da wa Erasmus martani mai zafi a kan ikon zaɓi na ɗan Adam, suka rabu har abada. Talakawan karkara sun yi tawaye, wasunsu suna kafa hujja da koyarwarsa a kan 'yanci, shi kuwa ya rubuta takarda yana zuga sarakuna su murƙushe su. Dubun dubatar mutane suka hallaka, sunansa ya ɓaci wurin talakawa da yawa. A watan Yuni kuma ya auri Katharina von Bora, wadda ta bar zuhudu, suka haifi 'ya'ya 6.

Bai daɗe ba ya ga illar fahimtar koyarwarsa a karkace. Da ya zaga ƙauyukan Saxony ya tarar da jahilci da sakaci, sai ya rubuta littattafan koyarwa biyu a 1529, ya fara su da Dokoki Goma. Daga 1537 zuwa 1540 ya yi jayayya da tsohon almajirinsa Johann Agricola, wanda ya ce ba a bukatar wa'azin Shari'a ga Kirista. A 1541 wakilan ɓangarorin biyu sun zauna a Regensburg, suka daidaita a kan wata magana game da baratarwa, amma Luta ya ƙi ta, Roma ma ta ƙi. A 1543 ya wallafa mummunan littafi a kan Yahudawa, yana kira a ƙone majami'unsu, abin da 'yan Nazi suka yi amfani da shi a ƙarni na 20, wanda kuma ikilisiyoyin Lutaran da dama suka fito suka barranta da shi. Ya rasu ranar 18 ga Fabrairu, 1546, a Eisleben inda aka haife shi, ya je sasanta sarakunan Mansfeld. Yana da shekara 62. Aka binne shi a majami'ar fada a Wittenberg.

Bayan Rasuwarsa

Wata biyu bayan mutuwarsa, majalisar Katolika da ke zama a Trent ta tabbatar da fassarar Latin a matsayin abin dogaro. A Janairu 1547 ta fitar da hukuncinta a kan baratarwa, babi 16 da ƙa'idoji 33. Ta yarda cewa alherin Allah ne mafari, ba cancantar mutum ba, amma ta ce baratarwa ta ƙunshi sabunta mutum daga ciki, kuma mutum yana ba da haɗin kai. A 1977 wani masani, E. P. Sanders, ya wallafa littafin da ya sa aka sake duba Yahudancin zamanin Bulus, daga baya wasu suka ce ayyukan Shari'a a bakinsa sun fi nuni ga kaciya da dokokin abinci masu raba Bayahude da sauran al'ummai. Ranar 31 ga Oktoba, 1999, a Augsburg, Ikilisiyar Katolika da Tarayyar Lutaran ta Duniya suka sa hannu a kan sanarwar haɗin gwiwa, suka ce la'antar juna ta ƙarni na 16 ba ta hau kan koyarwar da aka shimfiɗa cikin sanarwar ba. Duk da haka fassarar Luta da aka sabunta a 2017 tana nan da kalmarta.

Gadon nasa ya iso ƙasarmu. 'Yan mishan daga Danmak sun kafa aiki a Numan a 1913, wanda ya zama Ikilisiyar Lutaran ta Kristi a Nijeriya, kuma shugabanta na lokacin, Musa Panti Filibus, ya riƙe shugabancin Tarayyar Lutaran ta Duniya daga 2017 zuwa 2023. Waɗanda suka fitar da cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932, da waɗanda suka biyo bayansu, su ma sai da suka zaɓi yadda za su faɗi tuba da adalci da bangaskiya a harshen da waɗannan kalmomi suka riga suka yi nauyi a cikinsa.

Kammalawa

Luta ya yi gaskiya da ya ce fassarar da mutanen kasuwa ba su ji ba ta kasa, Jamusanci kuwa ya ci moriyar wannan ra'ayi nasa. Masu sukarsa su ma suna da gaskiya da suka ce a Romawa ya saka tafsirinsa cikin nassi. Talakan da ya sayi littafin a 1522 bai san Girkanci ba, ba shi da hanyar gane inda maganar Bulus ta tsaya ta Luta ta fara. Wannan ita ce amanar da ke wuyan kowane mai fassara, ko nassin addini yake juyawa, ko doka, ko labarin rediyo. Inda asali yake da harshen damo, sau da yawa dole ne ya zaɓi gefe ɗaya. Abin da ya wajaba a kansa shi ne ya san cewa zaɓi ya yi, ya kuma sanar da mai karatu a gefen shafi ko a gabatarwa, domin mai karatun ya sami damar yin nasa hukuncin.